Neman kalma: me za mu kira "reset" da Hausa?

Malamin Samaru: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da ɗalibaina gyaran kwamfutocin tebur da ke haɗe da juna, kuma da Hausa nake rubuta darasin. Ga matsalar: ka shiga BIOS (wurin saitin da kwamfuta ke tashi da shi) ka kunna XMP (saitin ƙara gudun RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta), gudun RAM ɗin nau'in DDR4 ya hau 3200, washegari ka tarar ya sauko 2133, agogo ma ya koma baya. Wannan "reset" da ke faruwa ba wanda ya sa shi, me za mu kira shi? Gobe zan kai wa mai bugawa.

Injiniya Sabon Gari: Komawa saitin kamfani, haka muke faɗa a shago. Amma Malam, tunda har agogo ya rikice, batirin CMOS ne ya mutu, wanda ke riƙe saiti da agogo in an kashe kwamfuta, ɗan ƙaramin nan mai kama da kwabo, mai lamba CR2032. In agogo daidai yake, gudun ne kawai ya sauka, to kwamfutar ta kasa tashi ne, wataƙila an ɗauke wuta tana tsaka da tashi, sai ta janye XMP da kanta. Kada ka fara zargin netwok ɗin da ya haɗa kwamfutocin tukuna.

Baba Ƙofar Doka: Saiti da kamfani duk aro ne, ɗana. Muna da abinmu. A ce kwamfuta ya koma gidan jiya.

Hajiya 'Yar Kano: Baba, "ta koma" dai. Kwamfuta mace ce.

Baba Ƙofar Doka: A Zazzau haka muka gada. Kuma a garin nan aka yi Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, ba wanda zai koya mana Hausa.

Hajiya 'Yar Kano: Allah ya huci zuciyar Baba. Amma ko sunan jaridar "ta fi" aka rubuta.

Injiniya Sabon Gari: Baba, gidan jiya zai ɓatar da yara. Saitin jiya ai shi ne mai kyau, shi muke nema ya dawo. Inda kwamfutar ta koma ya girmi jiya, yadda aka ƙero ta ne.

Malamin Samaru: Wannan hujjar ta kama ni. Zan rubuta "komawa tsarin asali". In batiri ne sanadi, in ce "mantuwar tsari".

Baba Ƙofar Doka: Ya yi tsawo, baki ba zai riƙe shi ba. Amma tunda babu aron Turanci a ciki, ka buga. Ni dai gidan jiya zan ci gaba da cewa.