Aikin kwastoman sirri a Legas: ana iya haɗa shi da aikin ofis?

Ummi Agege: Salam jama'ar gida. Dan Allah waɗanda suka taɓa yin aikin nan na kwastoman sirri, wanda ake tura mutum banki ko kanti ko gidan abinci ya yi kamar siyayya ya zo alhali duba ma'aikata yake, ina neman shawara. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani kamfani sun ce in cike fom. Ni kuma kun san ina aiki a Ikeja 8 zuwa 5, Litinin zuwa Juma'a. Zai haɗu kuwa? Albashin baya kai ni 20 ga wata wlh

Maman Yasmin: Wslm. Sun ce ki biya kuɗin rajista?

Ummi Agege: A'a Anti basu ce ba tukunna

Maman Yasmin: Toh ranar da suka ce ki biya ko naira 500 ce ki gudu

Bash Apapa: Ummi bari in baki labarina dan ni na yi aikin nan kusan shekara ɗaya kafin in gane inda nake cutar kaina. Aikin gaskiya ne, akwai kamfanonin bincike da bankuna da kamfanonin waya suke ɗauka su turo mutane, ba ƙarya bane, amma matsalar mai aikin ofis ita ce lokaci. Banki yawanci ƙarfe 4 suke rufe ƙofa kuma yawancinsu basa buɗewa Asabar da Lahadi, kinga kenan duk aikin banki a cikin lokacin ogan ki zai faɗo. Ni wata Laraba aka turo min aiki wani reshe a Surulere, an ce in je tsakanin 12 da 2 in nemi buɗe asusu in ga yadda za a karɓe ni, na ce ai hutun azahar ya isa, daga Apapa ne fa, ga nan ga nan. Na fita 12 da kwata, tankoki da tireloli sun cike hanya tun kafin Ijora, ga acaba an hana a Apapa da Surulere tun 2022 balle in ce in hau in tsallake, ban shiga bankin ba sai 2 saura minti goma. Na shiga na samu layi, yarinyar da ke teburin ta karɓe ni da mutunci ba laifi, amma katin sunanta ya juya baya a wuyanta, ina ta satar kallo ko zai juyo bai juyo ba, kuma an ce kar ka tambayi suna kai tsaye dan za a gane ka. Na koma ofis 4 ta gota na tarar an neme ni sau uku, kaya sun fito daga tashar ruwa babu wanda zai sa hannu, washegari takardar tuhuma ce ta fara gaishe ni a tebur. Da daddare na zauna na cike rahoton nan tambaya sama da 40, minti nawa ka yi a layi, an gaishe ka ko ba a gaishe ka ba, bayan gida da tsabta ko babu, mai gadi ya yi murmushi, na tura. Bayan kwana biyu suka ce an ƙi karɓa saboda babu sunan ma'aikaciya. Ko kuɗin motata ban gani ba. Har yau abin na ci min rai dan saura kaɗan in rasa aikin da ke ciyar da 'ya'yana akan dubu 6

Ummi Agege: Innalillahi. Yaya Bash dubu 6 kacal?

Bash Apapa: A lokacin haka suke bani a banki. Na kanti bai kai haka ba. Kuma ba ranar ake biya ba, wani sai ya yi sati shida kafin ki ji alat

Ɗan Mile 12: Dubu 6 ai gara ka zo ka taya mu sauke kwandon tumatir da asuba, kafin 9 ka wuce haka

Hajiya Obalende: Kai kuma komai sai ka kawo tumatir

Ɗan Mile 12: Hajiya shi ke riƙe da mu ai

Maman Yasmin: Ni dai ina yi har yanzu kuma ina jin daɗinsa, amma dan ni nas ce, duti nake, in na yi dare uku ina da kwana biyu a gida. Kuma bana karɓar komai sai wanda ke kan hanyata. Ina Idi-Araba, in aka ce Surulere ko Yaba ko Mushin na karɓa, in aka ce Lekki ko Ajah ko nawa ne bana zuwa, tsallaka gadar Third Mainland kaɗai ya cinye ribar. Ummi ke da kike Ikeja ki ce musu kantuna da gidajen abinci kawai kike so, ga Ikeja City Mall nan a Alausa ga Allen, sai ki yi bayan kin tashi aiki ko ranar Asabar. Akwai kuma na kiran waya, ki kira layin kula da kwastoma ki yi tambaya ki rubuta yadda aka amsa miki, wannan kina kan gadonki za ki yi

Ummi Agege: Na kiran wayan nan ya min. Shi ma ana biya?

Maman Yasmin: Ana biya amma kaɗan ne, kuɗin data dai. Sannan duk wanda aka ce ki siya abu, da kuɗinki za ki siya su mayar miki daga baya, dan haka ki ɗauki hoton rasit tun kina bakin ƙofa. Takardar nan mai santsi ce, ni na taɓa sa ɗaya a jaka kusa da turare kafin in kai gida rubutun ya goge tas

Malam Idi-Araba: Ni tambayata daban ce. Mutum ya je ya ce zai buɗe asusu alhali ba buɗewa zai yi ba, ya ƙare wa bayin Allah kallo ya je ya kai rahotonsu, wannan bai shiga tajassusin da aka hana a Suratul Hujurati ba? Wata ƙila a kori yaro saboda rubutunka

Bash Apapa: Malam ai masu wurin ne da kansu suka ce a duba musu, kuma ma'aikatan sun san ana turo irin mu, ba sirrin gidan wani ake tonawa ba

Malam Idi-Araba: Sun san ana turowa amma basu san kai ne ba

Maman Yasmin: Malam ni abin da na riƙe shi ne bana rubuta abin da ban gani ba, kuma wanda ya kyauta ina yabonsa da sunansa. Akwai wani yaro a gidan abinci da na ga ya bar kanta ya je ya riƙe wa wata tsohuwa tire har tebur, sai da na cike layi uku akansa

Malam Idi-Araba: Wannan ya yi kyau. Amma dai a tambayi malamai, ni zuciyata bata kwanta ba

Alhaji Canji: Ai ba bankuna kaɗai ba, mu ma an sako mu gaba. A 2025 CBN ta fitar da sanarwa cewa za ta riƙa turo irin waɗannan mutanen wurin 'yan canji masu lasisi su ga ko ana karɓar katin shaida ana bin ƙa'ida. Yanzu duk wanda ya zo da tambayoyi da yawa akan dala 100 sai yarana su fara kallon juna

Hajiya Obalende: Alhaji to nawa dalar take yau

Alhaji Canji: Hajiya ki kira ni, ba a faɗa a taro

Sani Alausa: Ummi aikin gwamnati kike ko na kamfani? Dan in na gwamnati ne ki yi hattara, dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa in banda noma. In kamfani ne ki koma ki karanta takardar ɗaukar ki aiki, wasu suna rubuta cewa ba a yarda ka yi wa wani aiki ba sai da izini

Ummi Agege: Kamfani ne, na inshora

Sani Alausa: To kar ki kuskura ki karɓi aikin duba wani kamfanin inshora, ko ba a rubuta ba wannan rigima ce

Bash Apapa: Wani abu kuma da na manta, akwai 'yan damfara da ke fakewa da sunan aikin nan. Za su ce za su turo miki kuɗi asusunki, ki cire ladanki ki tura sauran wani asusu wai ana gwada saurin bankin ne. Kuɗin sata ne suke wankewa ta hannunki, ranar da EFCC ta biyo sawu sunanki da BVN ɗinki za ta gani ba nasu ba. Kamfanin gaskiya baya neman lambar sirrin da banki ke turo miki a waya

Maman Yasmin: Ƙwarai. Haka aka yi wa ɗan maƙociyarmu, wata uku asusunsa na rufe

Ɗan Mile 12: Wai jirgin ƙasan nan ja da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo yana aiki ranar Asabar? In yana yi ai Ummi har Yaba za ta iya karɓa

Sani Alausa: Ta duba jadawalinsu dai kafin ta fito, kuma ta sa kuɗi a katin Cowry da ake biyan kuɗin jirgin da shi

Hajiya Obalende: Ni tunda aka buɗe shi ban taɓa hawa ba, ance akwai sanyi ciki

Ummi Agege: Nagode sosai Allah ya saka. Anti Maman Yasmin zan turo miki fom ɗin ta gefe ki duba min, akwai wurin da suka ce in sa BVN shi ne ban gane ba

Maman Yasmin: BVN kuma? Nawa lambar asusu kawai suka karɓa. Kar ki cike komai, turo in gani

Alhaji Canji: Wanda ya san mai gyaran janareta kusa da Obalende dan Allah ya min magana