Kwatar ƙofar gidanmu ta toshe, kuma na san mai toshe ta: ku ba ni shawara

Maman Hanif, Agege: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina cikin damuwa, ku taimaka min da shawara. Gidan haya muke a nan Agege ta Legas, irin mai ɗaki na kallon ɗaki, ɗakuna goma sha biyu. Akwai wata dattijuwa Bayarabiya da ke sayar da amala a bakin ƙofa. Kullum in ta tashi da dare, ledojin fiyawata da robobi da ruwan wanke-wanke duk cikin kwata take tura su da tsintsiya. Ruwan da aka yi shekaranjiya ya rasa hanya, ya dawo ɗakinmu, ya jiƙa katifar yara da rabin buhun shinkafa. Maigidana ya ce gobe zai kai ƙararta wajen LAWMA, hukumar kula da shara ta Legas. Ni kuwa raina bai kwanta ba, don ranar da naƙuda ta kama ni maigida ba ya nan, matar nan ce ta rufe tukunyarta ta raka ni asibiti. Yaya zan yi?

Ɗan Mile 12: Wa alaikumus salam Anti. Allah Ya mayar da alheri. Gaskiya ni ina bayan maigidanki. Zuba shara a magudanar ruwa laifi ne a dokar Legas, kuma tun Janairun 2024 gwamnati ta haramta farar robar zuba abincin nan saboda yadda take toshe kwatoci. In aka yi shiru, gobe ɗakin wani za ta cika.

Baba Mai Goro: Yaro, dakata tukuna. Maman Hanif, ki roƙi maigidanki ya ba ki kwana uku. Na haura shekara arba'in a Agege, kuma ban taɓa ganin ƙarar da aka kai maƙwabci ta bar gaisuwa a raye ba. Za a ci ta tara, kwata za ta buɗe na wata guda, ku kuma za ku shekara kuna wucewa ta gaban tukunyarta kai a sunkuye.

Ga abin da zan ce ki yi. Da sassafe, kafin masu saye su taru, ki je ki ɗan rusuna ki gaishe ta da yarenta, "E karo ma", ki ƙara da "E ku ishe", wato sannu da aiki. Bayarabe yana girmama shekaru ƙwarai, in kika ba shi girmansa kin gama rabin magana. Kada ki fara da "ke ce". Ki ba ta labarin katifar yaran kamar yadda kika ba mu, sannan ki tambaye ta yadda take fama da shara, motar kwasa tana zuwa mata ko ba ta zuwa. Ki bar ta ta faɗa da bakinta. Kuma kada ki kuskura ki yi maganar nan a gaban masu cin abincinta, don wanda aka tsinka a gaban jama'a ko ya san ya yi laifi ba zai amsa ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Maman Hanif, Agege: Na gode Baba. To in ta ce ba ta da inda za ta zuba fa?

Hajiya Idi-Araba: Nan ne nake da abin faɗa, don mun yi irinsa a layinmu. Ƙanwata, kada ki je hannu rabbana. Ki tafi da buhu biyu na shinkafa waɗanda suka ƙare. Mu ƙusa biyu muka kafa a jikin katanga daf da teburin mai abincin, muka rataye buhunan, ɗaya na gorunan roba, ɗaya na ledojin ruwa. Bakin buhun muka sa wa waya muka lanƙwasa don ya tsaya a buɗe, mutum yana zaune a benci zai iya jefawa ba sai ya tashi ba. Abin da na lura da shi, yawancin mutane ba mugunta ke sa su jefa leda a kwata ba, kwatar ce ta fi kusa da hannunsu.

Sirrin kuwa shi ne kuɗin. Gorunan nan masu bola jari suna saye, akwai kuma kamfanoni irin Wecyclers da suka daɗe suna karɓar roba a unguwannin Legas suna ba mutane lada. Muka ce wa matar duk abin da aka samu nata ne, ba mu son ko sisi. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, amma daga ranar ita ce ke yi wa yara faɗa in suka jefa gora a ƙasa. Wadda ake zargi da ɓata layi ita ta koma mai tsaronsa, har yau kuwa muna cin moi-moi ɗinta ranar Sallah.

Malamin Islamiyya, Zangon Agege: Madalla da wannan, Hajiya. Ina ƙara tunatar da mu hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Bai ce maƙwabci Musulmi ko Bahaushe ba. Kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Shawarata, kafin ma a yi mata magana, mazan gidan su fito su yashe kwatar da hannunsu. Mutum in ya ga maƙwabtansa cikin taɓo suna kwashe ledar da ya san tasa ce, kuma babu wanda ya kalle shi da hararar ido, kunya za ta yi aikin da faɗa ba zai yi ba. Lokacin da aka soke tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata a 2016 mutane da yawa suka saki jiki, sai kasuwanni da suka riƙe ta safiyar Alhamis. Babu abin da ya hana gida ɗaya ya tsayar da ranarsa.

Ma'aikaciyar jinya, Mushin: Don Allah duk wanda zai shiga kwata ya sa takalmin ruwa da safar hannu, ko da leda ce mai kauri ya ɗaura. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. Maman Hanif, shinkafar da ruwan kwata ya taɓa ki haƙura da ita, kada ki ce za ki shanya. Ɗakin ki wanke da ruwan bilic, katifar ta sha rana sosai. In yaro ya fara gudawa, a haɗa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, yana sha ana hanyar asibiti.

Ɗan Mile 12: Na ji maganar manya, kuma na sauko. Ni da nake kasuwar Mile 12 a watan Maris na 2016, na ga yadda ƙaramar hatsaniya ta koma rikicin Hausawa da Yarabawa, aka rasa rayuka, aka rufe kasuwa, kayan gwari suka ruɓe a kan motoci. Don haka na san abin da Baba yake gudu. Amma ina nan kan cewa in an bi ta lalama ba ta ji ba, kada a zauna ruwa yana cin mutane saboda kara.

Lauyan zaure: Gaskiyarka, sai dai tsakanin lalama da hukuma akwai matakai. Na farko mai kula da gidan ko mai gidan hayar. Na biyu ƙungiyar ci-gaban unguwa, CDA, wadda kusan kowane layi yake da ita, kuma mu Hausawa muna sakaci da zuwa taronta, sai an yanke abu mu ce ba a shawarce mu ba. Na uku Sarkin Hausawa da Baale, wato mai unguwar Yarabawa, su zauna, sun saba raba irin wannan. In duk ya gagara, akwai cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin jiha, Citizens' Mediation Centre, a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, tun 1999 take aiki. Kyauta ce, rikicin haya da na maƙwabta suna cikin abin da suka fi sasantawa, kuma ba a tsare kowa. A zaunar da ku, a rubuta abin da kuka amince, kowa ya sa hannu.

Tsohon ɗan acaɓa, Ketu: Ni wata fuskar zan kawo. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka ƙara wasu huɗu a Satumba, akwai samarinmu da yawa da ke kwana a masallatai da bakin kasuwa ba aikin yi. Ni ma na yi wannan zaman, na san ɗacinsa. Ɗakuna goma sha biyu in kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa duk wata, za a ɗauki yaro biyu su riƙa yashe kwata, su kwashe taɓon su kai inda ya dace. Don in aka tara shi a bakin kwata aka tafi, ruwan farko zai mayar da shi ciki. Yaron ya samu na abinci da mutuncinsa, 'yan layi kuma su san fuskarsa da sunansa, ba a ƙara kallonsa a matsayin baƙon da ake tsoro.

Hajiya Idi-Araba: Wannan ta yi. Amma a biya su ranar da suka yi aikin, kada a ce sai ƙarshen wata.

Kawu Direba, Ojota: Tunda ana maganar maƙwabta, janaretan maƙwabcina yana hana jaririnmu barci. Me zan yi?

Baba Mai Goro: Ka sayi doguwar waya ka kai masa kyauta, ka taya shi matsar da injin bayan gida nesa da taga, a ɗora shi a kan tsohuwar taya. Hayaƙin ma kisa yake yi, ka ce masa lafiyar 'ya'yansa kake ji.

Maman Hanif, Agege: 'Yan zaure, na dawo da labari. Yau bayan sallar asuba na je kamar yadda Baba ya ce, da buhuna biyu a hannu. Ina fara maganar katifar sai ta dafe ƙirji, ta jawo min kujera. Ashe jikanta ne yake kai mata shara bakin titi inda motar kwasa ke tsayawa, tun da ya koma Ikorodu wajen uwarsa ba ta da mai ɗauka. Ta ɗaga zaninta ta nuna min gwiwoyinta duk a kumbure. Wata biyu tana jin kunyar roƙon kowa. Wallahi sai da na yi ƙwalla, ƙofa ɗaya muke shiga ban taɓa tambaya ba. Mun rataye buhunan tare. Babban ɗana zai riƙa kai mata sharar kafin ya tafi makaranta, ita kuma ta rantse sai ya riƙa karyawa a wajenta. Maigida ya fasa kai ƙara, ya ce shi zai fara shiga kwatar ranar Asabar, maza huɗu sun amsa. Yanzu shebur biyu muke da su, babu baro. Akwai mai aro a kusa da Pen Cinema?

Tsohon ɗan acaɓa, Ketu: Akwai wani ƙanena a Oko-Oba yana da baro da manjagara. Zan turo shi da yara biyu ƙarfe bakwai in sha Allah. A tanadar musu safar hannu.

Ma'aikaciyar jinya, Mushin: Safar hannu tana wajena, zan ba direban da ke zuwa Agege ranar Juma'a. Kuma ki ce wa Mama ta je a duba mata gwiwar nan da hawan jini, in tana so ni zan raka ta.