Shari'ar maita a Ingila: daga tsegumin ƙauye zuwa igiyar rataya

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum malamai. Ina karatu a kan addinin mutanen Ingila daga zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko zuwa wajen 1700, akwai abin da ya ɗaure min kai. An ce bayan sun bar ɗariƙar Katolika sun koma Furotesta, malaman cocinsu sun yi ta wa'azi cewa babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. To me ya sa a daidai wannan lokacin ne aka fi kashe mata da sunan maita? Kuma a aikace, idan an zargi mace, wa ake kai wa ƙara, wace hujja ake karɓa? Da gaske ne ƙona su ake yi?

Malamin Aji:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. A Ingila rataye su ake yi, domin dokarsu ta lissafa maita cikin manyan laifuffuka irin kisa da fashi. A Skotland da ƙasashen Jamus ne ake ƙonawa.

Sai kuma ki yi hattara da kalmar, don mayyarsu ba irin tamu ba ce mai ƙanƙara a ciki, mai kama kurwa. Su abin da suka yarda da shi shi ne mace tana riƙe da wani ɗan aike daga Shaiɗan, cikin siffar kyanwa ko kwaɗo ko kare, tana shayar da shi jininta, shi kuma yana yi mata ɓarna. Agnes Waterhouse da aka rataye a Chelmsford a 1566, kyanwa aka ce tana aikawa.

Wa'azin da kika ambata gaskiya ne, amma ki duba abin da aka ƙwace wa talaka. A da idan saniya ta kwanta, akwai ruwan da fada, wato limamin Katolika, ya tsarkake, akwai kyandir mai albarka, akwai waliyyin da ake kira, akwai fada mai korar aljanu. Sabon tsari ya share duk wannan, har dokar coci ta 1604 ta hana limami yin azumi da addu'ar fitar da aljani sai da izinin bishop. Shaiɗan kuwa ba a share shi ba, ƙara masa girma ma aka yi a kan mumbari. Uwar da ɗanta ke farfaɗiya aka ce mata ta yi haƙuri ta binciki zunubinta, sai ta ga ya fi mata sauƙi ta binciki maƙwabciya. Ga aya kuma a Littafin Fitowa 22:18 da ta ce kada a bar mayya da rai.

Yawancin ƙararrakin tafarki ɗaya suke bi. Tsohuwa matalauciya, sau da yawa gwauruwa, ta zo roƙon madara ko aron wani abu, a hana ta, ta juya tana gunaguni. Bayan kwana biyu a kaɗa nono man ya ƙi fita, ko alade ya mutu, ko yaro ya kwanta. Mai gida ya san ya karya haƙƙin maƙwabtaka, kuma ya ji abin da ta faɗa a bakin ƙofa. Masana irin su Keith Thomas da Alan Macfarlane sun gina bayaninsu a kan wannan. A ganina ya bayyana dalilin da ya sa ake zargin wance ba wance ba, amma bai isa ya bayyana manyan farautar mayu irin ta Matthew Hopkins a 1645 ba.

Mai Bin Doka:

Malam ya yi bayanin zuciya, bari in ɗora da na kotu.

Dokar 1563 ta ce idan maita ta kashe mutum, hukuncin kisa ne. Idan ciwo ta sa masa ko ta lalata dukiya, shekara ɗaya a kurkuku, kuma duk wata uku a fito da mai laifi a sa ta a turu a kasuwa na awa shida. Dokar 1604, ta zamanin Sarki James, ta tsananta: jikkata mutum ma kisa ne tun karon farko, haka ciyar da mugun ruhu ko ƙulla alkawari da shi.

Ƙara tana fara ne wajen wani attajirin yanki da sarauta ta naɗa ya kiyaye zaman lafiya. Shi zai yi wa wadda ake zargi tambayoyi, ya rubuta maganar shaidu, ya ɗaure su da alkawarin kuɗi cewa za su bayyana ranar shari'a, sannan ya tura ta kurkukun lardi. Nan ne masifa ta farko, domin alƙalan Landan sau biyu kawai suke zagayowa a shekara, a lokacin azumin Kirista da kuma rani nasu. Tsohuwa za ta iya yin watanni cikin sanyi da yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Tsohuwar da ake kira Demdike, cikin waɗanda aka kama a Pendle a 1612, a kurkukun Lancaster ta mutu tun kafin a zauna.

Ranar zama, taron manyan lardi ne ke fara duba takardar tuhuma. In sun ga babu ƙamshin gaskiya su yi watsi da ita, in sun amince ta wuce gaban mutum goma sha biyu masu yanke ko ta aikata. Ba ta da lauya. Ana kuma ɗibar fursunoni da yawa a rana guda, don haka shari'ar rai takan ƙare cikin mintuna.

Hujja iri uku aka fi dogara da ita. Akwai shaidar maƙwabta, wadda galibi tarin tsofaffin ƙorafe-ƙorafe ne na shekaru. Akwai binciken jiki: a sa mata su tuɓe ta su nemi wani tsiro da ake cewa nan ɗan aiken ke tsotsa, alhali basir ko tawadar Allah ko ƙari na iya cin wannan jarrabawa. Sai amsa laifi da baki. A Pendle har yarinya 'yar shekara tara, Jennet Device, aka tsayar ta ba da shaida a kan uwarta, aka rataye mutum goma a Lancaster.

Duk da haka kada ki ɗauka duk wadda aka kai ta tafi kenan. A kotunan lardunan da ke kewaye da Landan, waɗanda aka rataye ba su kai ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka tuhuma ba, kuma ƙiyasin masana na ƙasar baki ɗaya yana wajen mutum 500.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode malamai. To shi Matthew Hopkins, mai farautar mayu, fa, da ake cewa ya kashe mutane rututu? Ai na ji doka ba ta yarda da azabtarwa ba.

Mai Bin Doka:

Haka ne 'yar uwa, shi ya sa ya nemo azabar da ba ta barin tabo. A zaunar da mace a kan kujera, a sa masu gadi su hana ta barci dare biyu ko uku, wai ana jiran 'yan aikenta su shigo. In ta fara gyangyaɗi a tashe ta a yi ta zagaya ɗaki da ita har ƙafa ta kumbura. Wanda ya kwana uku ido biyu, ko ɓera ya gifta zai amsa cewa nasa ne. Da Elizabeth Clarke, tsohuwa mai ƙafa ɗaya, ya fara a Manningtree a watan Maris na 1645. Akwai kuma gwajin ruwa: a ɗaure babban yatsan hannun dama da na ƙafar hagu, na hagu da na dama, a jefa ta kogi da igiya a kugu. In ta taso wai ruwan baftisma ya ƙi ta. Wannan bai taɓa zama cikin doka ba.

Yaƙin basasa ne ya ba shi fili, don zagayen alƙalai ya rikice. A Bury St Edmunds an rataye mutum 18 rana ɗaya a watan Agustan 1645, har da wani dattijon limamin coci, John Lowes. Jimillar waɗanda suka mutu a farautarsa ta kai wajen ɗari. Abin da ya taka masa birki har da kuɗi, domin garuruwa ne ke biyan ladansa da ciyar da fursunoni, sannan limamin Great Staughton, John Gaule, ya fito ya soke shi a rubuce a 1646. Hopkins ya mutu a 1647.

Malama Mai Alli:

Abin da ba a taɓo ba shi ne yawancin zargi ba ya isa kotu sam. Kotu tana cin kuɗi da lokaci, don haka boka ake fara nema, kuma kusan kowane yanki yana da nasa. Shi zai ce a zuba fitsarin majinyaci a tulun ƙasa mai ƙaramin baki, a sa gashinsa da allurai da lanƙwasassun ƙusoshi, a toshe a binne ƙarƙashin murhu, wai mayyar za ta kasa fitsari har ta saki. Har yau ana tono irin waɗannan tuluna a tsofaffin gidaje. Ko a zaro ciyawa daga jinkar ɗakinta a ƙona, ko a yakushe ta a fuska a fitar da jini. Malaman Furotesta masu tsanani sun fi ƙin bokan nan a kan mayyar, don a ganinsu ita jiki take cutarwa, shi kuwa imani yake sacewa.

Ƙarshen shari'o'in ma daga alƙalai ya zo, ba daga ƙauye ba. Tun 1634 aka kai wasu matan Lancashire Landan, likitan sarki William Harvey da ungozomomi suka duba su ba su ga wani abin da ya saɓa wa halitta ba, yaron da ya zarge su kuma ya amsa cewa ƙirƙira ya yi. An rataye mata uku na Bideford a Exeter a 1682. Jane Wenham an same ta da laifi a 1712, alƙali ya nema mata afuwa. A 1736 aka soke dokar, aka mayar da laifin ya zama da'awar iya sihiri, hukuncinsa shekara ɗaya. Amma a 1751 taron jama'a a kusa da Tring suka jefa Ruth Osborne cikin kududdufi har ta mutu, kuma wanda aka rataye a wannan karon shi ne Thomas Colley, mai share bututun hayaƙi da ya yi ta danna ta da sanda.