Irin tumatir ya cakuɗe mani a fangali, wa ya taɓa gani?

Mai garka, Tabalak: Salamu alaikum ƴan'uwa. Na zuba iri uku a fangalin reno: Roma VF, Mongal F1 (F1 shi ne irin da aka samu ta haɗa iri biyu) da ɗan gida da nake cirewa da kaina. Takardun da na kafa a bakin layi iskar hunturu ta kwashe su. Yanzu sati 2 da tsirowa, duk kamarsu ɗaya. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, yaya ya yi?

Dattijo daga Konni: Wa alaikumus salam. Ɗana, ganye biyun farko kada ka ɓata idonka a kansu, ba su nuna komai. Ko ganyen gaskiya da ke biyo baya, na Roma da na Mongal duk masu tsaga-tsaga ne. Na daɗe ina wannan aiki, amma ban yarda da mai cewa yana gane su da ido tun a fangali ba. Ɗan gida ne kawai wani lokaci yake tona kansa, don ba ya tashi kai ɗaya: wani dogo, wani gajere. F1 kuwa sahu guda yake tashi.

Matashi, Madawa: Baba, ni an ce mani mai jan kara shi ne Mongal.

Dattijo daga Konni: A'a. Wannan jan sanyi ne. In dare ya yi sanyi, saiwa ba ta jan fosfor, wani abincin shuka da ke cikin ƙasa, yadda ya kamata, sai kara da bayan ganye su yi shunayya. Kowane iri yana yi. Rana ta ɗumama ƙasa, ya washe.

Hajiya mai kauɗa, Tawa: Ya taɓa faruwa a garkar ƙungiyarmu ta mata, yara suka tuge sandunan alama. Mun dasa kowane layi daban yadda yake a fangali, ba mu gauraya ba, muka sa masu lamba. Da fure ya kaɗe sai na riƙa durƙusawa ina duba ɗan da ya fito, bai wuce ƙwayar wake ba. Na Roma tun a nan za ka ga ya miƙe, Mongal kuwa a dunƙule yake. A ranar muka ɗaure kowane layi da tsumma mai launi daban. Mu abin ya dame mu ne saboda shanya: Roma nama gare shi, ruwa kaɗan, shi ke ba da kauɗa mai kyau.

Malamin gona, Tawa: Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara ɗaya, wadda ta fi damuna. Roma da Mongal duka masu tsayawa ne, sun kai wani tsawo sai kan ya ƙare da fure, don haka tazara ɗaya ta ishe su, ba asara. Haɗarin yana wajen cire iri. In ka cire daga Mongal kana zaton ɗan gida ne, baɗi ƴaƴan za su fito barkatai, don F1 ba ya maimaita kansa. Kada ka ajiye iri bana sai daga gindin da ka tabbatar.

Mai garka, Tabalak: Na gode ƙwarai. Layukan ba su motsa ba, zan dasa su daban-daban in sun kai sati 4. Malam, ɗan gida shi ma dunƙulalle ne, yaya zan raba shi da Mongal?

Malamin gona, Tawa: Ka jira su nuna. Na Mongal girmansu kusan ɗaya ne a duk layin, kai kuma ka san siffar naka tun da kai ke cire shi. Ka turo hoto in sun fara ja, mu duba tare.