Neman kalmar Hausa: "adalcin muhalli" ko "adalci a muhalli"?

Malamai da 'yan uwa masu fassara a nan Katsina, ina neman mu tsayar da magana ɗaya a kan abin da Turawa ke kira "environmental justice", wato yin adalci tsakanin mutane wajen rabon amfanin muhalli da cutarwar gurɓatarsa, domin kowa na fassara shi yadda ya ga dama, har ma'anar ta fara ɓacewa.

Kalmar ta yi ƙarfi ne a Amurka bayan 1982, lokacin da aka fara kai ƙasar da guba ta gurɓata gundumar Warren ta jihar North Carolina, wadda yawancin mazaunanta baƙar fata ne marasa ƙarfi, domin a binne ta a can. Mutanen suka kwanta a gaban manyan motoci, aka kama fiye da 500. Kukansu shi ne, me ya sa sai ƙofar gidanmu? Mu ma mun ga irinsa a 1988, da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar.

Don haka fassara ta da "kare muhalli" ba ta wadatar ba. Ana iya killace gandun daji a kare shi sarai, alhali an hana matar da ke tsintar itacen girki shiga, an kuma toshe wa makiyayi burtali ba tare da an nuna masa wata hanya ba.

"Adalcin muhalli" ita ce ta fi yawo, amma kunnen Bahaushe yana tuntuɓe da ita. Idan muka ce adalcin sarki ko adalcin alƙali, sarkin da alƙalin ne ke yin adalcin, ke nan sai a ji kamar muhalli ne zai zauna ya yanke hukunci. Wasu sun kawo "haƙƙin muhalli", kuma ina sonta ƙwarai, sai dai gurbinta dabam ne. Kamar yadda haƙƙin maƙwabci yake nufin abin da maƙwabci ke bin ka, haka wannan take nufin abin da ƙasa da ruwa da itatuwa ke bin mu, don haka a bar ta ga ɓangaren ɗa'a, wato tambayar abin da ya halatta mutum ya yi wa halittu.

Shawarata ita ce "adalci a muhalli", a kan gwadaben "adalci a rabon gado". Rabo ne kuwa ake magana a kai: wa ke samun inuwa da ruwan famfo, wa ake kai wa juji. Duk wanda ya ratsa lungunan cikin ganuwa da damina ya san kwatar da leda ta toshe, da ruwan da ke komawa ya jiƙa gindin katangar ƙasa, da magidancin da ke sayen jarka daga ɗan ga-ruwa kullum, alhali a unguwannin masu hali akwai rijiyar burtsatse a tsakar gida da dogon yaro jere a bakin titi. Ga kuma wani alheri da Hausa ta yi mana: muhalli a bakinmu yana nufin kewayenmu, yana kuma nufin matsugunni, shi ya sa da ambaliya ta afka wa Jibiya a 2018 aka ce mutane sun rasa muhallinsu. Kalmar ta ɗauke ma'anonin biyu a lokaci guda.

A gwada ta a jimla: "Shirin ganuwar itatuwa na yaƙi da kwararowar hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, yana bukatar adalci a muhalli wajen zaɓen gonakin da za a dasa." Masu aikin kuma a kira su "masu fafutukar adalci a muhalli". Ina roƙon malamanmu na Daura su faɗa mana ko haka ta zauna a kunnensu.