Wayata tana zuƙe caji ko tana ajiye: batir ne ya mutu ko wata manhaja ce?

Ɗalibin Ilimi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan waya game da wata matsala da ta dame ni. Wayata mai Android ce, ta haura shekara biyu a hannuna, kuma a da idan na cika ta da safe takan kai ni dare ba tare da na nemi caja ba. A 'yan makonnin nan abin ya sauya, domin kafin rana ta raba cajin ya sauko ƙasa da rabi, alhali ban ƙara komai a kan yadda na saba amfani da ita ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cajin da take ci da dare: nakan ajiye ta a cike, in wayi gari in tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, wani lokacin ma in ji bayanta da ɗumi kamar an kwana ana aiki da ita.

Na rage hasken allo, na goge wasu manhajoji, kuma yanzu duk manhajar da na gama da ita sai na rufe ta, amma ban ga wani sauyi ba. Wani ya ce in sauya batir in huta, wani kuma ya ce in share komai in mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Ba na son in kashe kuɗi ko in yi asarar bayanaina a kan zato. Shin akwai hanyar da mutum zai bi da kansa ya gane inda matsalar take?

Mai Gyara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dabara da ba ka yi gaggawar sauya batir ba, domin sau da yawa akan sa wa waya sabon batir, mai ita ya dawo da ƙorafin da ya zo da shi tun farko. A cikin bayaninka, ɗumin nan na dare ne ya fi jan hankalina. Batirin da ya tsufa kamar tankin ruwa ne da ya ƙanƙance, ba ya ɗaukar da yawa, amma ƙanƙancewar ba ta sa famfo ya buɗe kansa. Idan waya tana ajiye, allonta a kashe, ba ta jikin caja, kuma tana ɗumi, to akwai abin da yake aiki a cikinta, kuma shi ya kamata mu nemo.

Dare shi ne lokacin gwaji mafi kyau, saboda allo, wanda ya fi komai shan caji a yawancin wayoyi, yana kashe, kai ma ba ka taɓa ta. A daren farko ka cire ta daga caja, ka rubuta adadin cajin da take nunawa, ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka tabbatar Wi-Fi da Bluetooth ma a kashe suke. Waya mai lafiya a wannan hali kaɗan take zubarwa kafin safiya. A dare na gaba ka bar ta a yanayin jirgin saman amma ka kunna Wi-Fi kaɗai, sannan a wani daren ka kashe Wi-Fi ka bar layinka da data a buɗe. Sharaɗin kawai shi ne kada ka sauya abu biyu a dare ɗaya, domin idan ka kashe abubuwa biyar a tare cajin ya daidaita, ba za ka san wanne ne mai laifin ba, kuma za ka ci gaba da takura wa kanka a kan huɗun da ba su yi komai ba.

Ga yadda ake karanta sakamakon. Idan cajin ya fi zubewa a daren da layi yake buɗe, ka duba ƙarfin sabis a inda kake ajiye wayar. Idan sabis ya yi rauni, waya takan ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi zuwa turken sadarwa, kuma takan yi ta neman wani turken ko ta riƙa tsalle tsakanin 4G da 5G, duk wannan kuwa caji yake ci. Mai layi biyu a waya ɗaya ya fi fuskantar haka. Idan kuma cajin yana zubewa duk lokacin da akwai intanet, ko ta Wi-Fi ko ta data, to wata manhaja ce take aiki a ɓoye. Tun daga Android 6.0 da ya fito a 2015 akwai tsarin da ake kira Doze, wanda yake dakatar da yawancin ayyukan manhajoji idan waya ta daɗe a ajiye ba motsi, sai dai ya riƙa buɗe musu ƙofa na ɗan lokaci jefi-jefi. Manhajar da ta samu matsala, ko wadda aka ba ta izinin yin aiki ba takura, tana iya hana wayar shiga wannan barcin har gari ya waye.

Da safe ka shiga saiti, ɓangaren batir, ka buɗe jerin abubuwan da suka sha caji. Kada ka tsaya ga wadda ta zo a sama kawai, domin manhajar da ka yini kana kallo dole ta hau sama, kuma hakan ba laifi ba ne. Wadda za ka nema ita ce wadda ba ka buɗe ba sai na 'yan mintoci, amma lokacin da ta yi tana aiki a ɓoye ya kai sa'o'i. Idan ka ga Google Play services, wato tsarin Google da yake yi wa sauran manhajoji hidima a ɓoye, a sama kada ka yi saurin ɗora masa laifi, sau da yawa wasu manhajojin ne suke aikensa neman wuri ko daidaita bayanai, sai lissafin ya faɗa kansa.

Malamar Kimiyya ta amsa:

Na yarda da tsarin gwajin da Malam Mai Gyara ya kawo, amma ina ganin kada a wanke batirin tun yanzu, domin wayar da ta haura shekara biyu ana cajinta kullum tana iya haɗa matsalolin biyu a lokaci guda. Batirin litiyam da ke cikin wayoyin zamani yana raguwa ne a hankali da kowane zagayen caji, kuma zagaye ɗaya yana cika ne idan jimillar cajin da aka sha ta kai 100 cikin 100, ko da a rana biyu aka sha shi. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta domin su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1000. Wanda yake cinye caji ɗaya a kowace rana zai wuce zagaye 500 kafin shekara ɗaya da rabi.

Masu iPhone suna ganin lafiyar batirinsu kai tsaye a cikin saiti tun iOS 11.3, tsarin da yake tafiyar da iPhone, wanda ya fito a 2018. A Android abin ya danganta da kamfanin da ya ƙera wayar: wayoyin Samsung suna da gwajin batir a cikin manhajar Samsung Members, wasu kuma sai an nemi manhaja irin AccuBattery, wadda take ƙiyasta ƙarfin batir daga abin da ya shiga cikinsa lokacin caji, don haka sai an yi caji da yawa kafin ƙiyasinta ya zama abin dogaro.

Tsohon batir yana da alamominsa da ba su yi kama da na manhaja ba. Waya takan mutu farat ɗaya tana nuna sauran kashi 20 ko 30, musamman idan an buɗe kyamara ko wani abu mai nauyi, ko kuma adadin ya faɗo da yawa cikin 'yan mintoci, a jona caja ya sake haurawa da saurin da bai dace ba. Zafi ma yana tsufar da batir, shi ya sa Apple yake gargaɗi a kan barin waya a wurin da zafinsa ya haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma wayar da take kwana da ɗumi tana cutar da batirinta ko da asalin laifin na manhaja ne. Abu guda ne ba ya jiran gwaji: idan murfin baya ya fara ɗagawa ko allo ya turo, batirin ya kumbura, a daina cajinsa, kada a danna shi, a kai wa mai gyara.

Sannan ɗan'uwa, rufe manhajojin da kake yi bayan kowane amfani ba ya taimakonka. Yawancinsu a daskare suke a ƙwaƙwalwar waya, kuma tayar da su daga farko ya fi cin caji a kan komawa gare su.

Ɗalibin Ilimi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, Allah ya ƙara basira. Na yi gwajin yadda aka tsara. A yanayin jirgin sama abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba, kuma wayar ta kwana da sanyinta. A daren layi da data ya ɗan fi haka, amma a daren Wi-Fi ne cajin ya zube sosai, ɗumin ma ya dawo. Da na duba jerin, sai na ga wata manhajar adana hotuna a intanet, wadda na daɗe ban buɗe ba, ta shafe sa'o'i tana aiki a ɓoye. Wayar ba ta taɓa mutuwa farat ɗaya ba, murfinta kuma lafiya yake. Shin in goge manhajar ne, kuma hakan yana nufin batirina lafiya yake?

Mai Gyara ya amsa:

Sakamakon ya yi ma'ana, Malam, domin irin waɗannan manhajoji galibi an saita su ne su ɗora hotuna idan akwai Wi-Fi kaɗai, shi ya sa daren data ya yi sauƙi. Kafin ka goge ta ka buɗe ta ka ga abin da ya tsaya. Mai yiwuwa ma'ajiyarka ta intanet ta cika, ko wani bidiyo ɗaya ya lalace, sai manhajar ta yi ta ƙoƙarin ɗora shi tana kasawa tana sake farawa har safiya. Ka cire abin da ya maƙale, ka sabunta manhajar, ka share tarkacenta na wucin gadi daga saiti, sannan ka maimaita gwajin daren Wi-Fi. Idan ba ta daina ba, ka taƙaita mata aikin ɓoye a ɓangaren batir. Amma kada ka bi duk manhajojinka da wannan takunkumi, domin idan ka sa wa na saƙonni ko na ƙararrawa, sanarwarsu za ta riƙa zuwa a makare. Kuma idan ka yanke shawarar goge ta, ka fara tabbatar da cewa hotunanka suna nan a wani wurin.

Idan ka yi duk wannan cajin bai daina zubewa ba, ka kwana da wayar a yanayin da ake kira Safe Mode, wanda yake dakatar da duk manhajojin da kai ka sauke. A wayoyi da yawa ana shiga ne ta danna alamar kashe waya a riƙe, amma hanyar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Share wayar gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, kuma ko an yi shi, maido da komai daga ajiya yana iya maido da matsalar. Manhajojin da ke tallata kansu da cewa suna ceton batir ko sanyaya waya kuwa, shawarata ka nisance su, su ma aiki suke yi a ɓoye.

Game da batirin, maganar Malama tana nan, gwajin dare bai wanke shi ba, ya dai nuna cewa ba shi ne yake zubar da cajin dare ba. Bayan ka gyara manhajar, ka yi amfani da wayar yadda ka saba na 'yan kwanaki, kana lura da sa'o'in da allo yake yi a kunne kafin caji ya ƙare, kana kuma barin manhajar ƙiyasin ta tara bayanai. Idan ƙarfin da ta nuna ya sauko kusa da kashi 80 ko ƙasa da haka, kuma wayar ba ta kai ka yamma, a lokacin ne sauya batir zai amfane ka.