Birkin Brembo na gogar rim a Honda ta, ina zan samu sifesa mai leɓe a Zariya?

Mai EOD, Hanwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya ɗaure. Motata Honda Accord ce 2005, wadda muke ce wa EOD. Ta yayana ce, Allah ya jiƙansa, ni na saye ta a hannun magada don kada ta bar gidan, shi ya sa duk abin da na samu a kanta yake ƙarewa. Watan jiya ina dawowa daga Funtuwa, na wuce Giwa kaɗan, shanu suka faɗo titi. Na taka birki har ƙasa, mota na ta tafiya, ga iyali a ciki. Allah ne kawai ya tsare. Tun ranar ba na barcin kirki. Na je Panteka a Kaduna na samo kalifar Brembo mai fistin huɗu, wato abin da ke matse dis in an taka birki, haɗe da dis ɗinta, na Acura TL, Beljiyam. Bakanikena ya kwana biyu a kai kafin su zauna. Da aka zo mayar da taya sai bayan rim ya riƙa gogar kalifa. Ya jera wosha a kan kowane bol, yanzu tana juyawa, amma da na kai 90 sai sitiyari ya kama karkarwa. An ce min sifesa mai leɓe zan nema, wato farantin da ake sawa tsakanin rim da hob (inda ake ɗaura taya) don ya turo rim waje, mai leɓen da rim zai zauna a kai. Na zaga Sabon Gari ban samu ba. Ranar Asabar bikin ƙanwata a Katsina, kuma ni zan ɗauki su Hajiya.

Injiniya, Samaru:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka cire woshar nan yau, kada ka jira gobe. Abin da ke riƙe rim shi ne matsewar bayansa gaba ɗaya a fuskar hob. Da wosha, wurare biyar ƙanana ne kawai ke taɓawa, noti zai saki, bol zai iya karyewa kana cikin gudu. Karkarwar kuwa saboda rim ya bar kan leɓen hob ne, ba ya zaune a tsakiya.

Lambobin motarka: 5x114.3, wato bol biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, ramin tsakiya milimita 64.1, zaren bol 12x1.5. Kada mai shago ya ce maka ai duk 5x114.3 ɗaya ne. Ramin Toyota 60.1 ne, ba zai ma shiga ba. Na Nissan 66.1, zai shiga amma yana lilo. Ba ka faɗa mana wane rim ne a motar ba, kuma sifesa mai kaurin milimita nawa kake buƙata?

Mai EOD, Hanwa:
Na gode Injiniya. Rim inci 17 ne, marigayi ne ya sa su, ba na kamfani ba ne. Ban auna ba gaskiya. Amma bakaniken nan shekara shida yana min aiki, ya ce woshar za ta kai ni Katsina in na bi a hankali.

Baban Khadija, Tudun Wada:
Malam ka yi hattara da saye ta intanet. Ni haka na tura kuɗi aka aiko min sifesa don Camry ta, sai ga ramin ya yi girma, noti kuma zarensa na Nissan ne, 1.25. Na kira mutumin ya fi sau ashirin, ƙarshe ya toshe lambata. Har yau suna cikin but. Mutane ba sa tsoron Allah a harkar safaya yanzu, kwali daban, abin ciki daban.

Oga Mai Gareji, Kwangila:
Alhaji, ni tambayata daban ce. Ka ce birki ya tafi har ƙasa. Wannan ba ƙanƙantar kalifa ba ce. Ko iska a layi, ko man birki ya tsufa ya sha ruwa, ko masta, wato famfon da ke tura man birki, ta gaji. An duba masta? In ba a duba ba, ko kalifar tirela ka sa haka za ta sake yi maka. Shawarata ka mayar da birkinka na asali, a sa masta mai kyau da sabon mai, ka je bikinka lafiya. Brembo ya jira ka dawo.

Mai EOD, Hanwa:
Oga an canja mai lokacin aikin. Kuma ba zan iya komawa tsohon birkin ba, ba ka ga abin da na gani a hanyar Giwa ba. Kuɗin da na kashe ma ba kaɗan ba ne.

Injiniya, Samaru:
Tunda rim ba na kamfani ba ne, da yawansu raminsu 73.1 ne. In haka naka yake, sifesar da kake nema cikinta 64.1, leɓenta na waje 73.1, ko kuma ka haɗa da zoben tsakiya. Ka manna ƙwaɓaɓɓen yumɓu a fuskar kalifa, ka ɗaura rim, ka cire, ka auna. Ka bar sararin aƙalla milimita 3.

Sai maganar bol, wadda mutane ke mantawa. Kowane zagaye na noti milimita 1.5 ne, kuma ana son ya ci kamar zagaye takwas. Sifesa mai kauri 5 ta cinye maka zagaye uku da ɗoriya, mai 10 kusan bakwai. Ka ga dole sai dogayen bol. Sifesa mai nata bol ɗin kuma, irin mai kauri 20, sai ka duba ko tsofaffin bol sun leƙo suna tokare bayan rim, sannan taya na iya gogar modigad. A ɗaure a 108 Nm da sifana mai awo, in ka yi tafiya kamar daga nan zuwa Kaduna a sake dubawa.

Ɗan Gyallesu:
Duk wannan lissafin na mene ne? Ka kai wa mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya yanka maka da alminiyam, yini ɗaya ya gama. Ko a ɗan goge bayan kalifar da garanda, ni na ga an yi.

Injiniya, Samaru:
Kada ka taɓa jikin kalifa da garanda, akwai hanyar mai a cikinta. Tana kuma ba laifi in gwani ne, amma da wane alminiyam? Na kirki 6061-T6 ne, ba narkakken da ake zuba tukunya da shi ba.

Baban Khadija, Tudun Wada:
Canja bol na gaba ma ba wasa ba ne a Honda. Ta maƙwabcina sai da aka fitar da hob, boris ya tafi, ya sayi sabo. Ni da kai ne rim zan sauya in huta. Ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano da kalifar a hannu, ka gwada.

Mai EOD, Hanwa:
Rim ɗin nan ba zan rabu da su ba, marigayi ne ya zaɓe su da kansa. Na kira wani a Kano ya ce yana da mai kauri 15, amma bai san girman ramin ba, ya ce dai ta Honda ce. Injiniya, in na rage woshar ta koma ɗai-ɗai, ban wuce 80 ba, ba za ta kai ni ba?

Injiniya, Samaru:
A'a. Ka auna tukuna ka turo min lambar.

Oga Mai Gareji, Kwangila:
Har yanzu ba ka ce min an duba masta ba, Alhaji.